Mai Lasisin Kyauta

Yana zaune a kusurwar shagon intanet, kusa da soket ɗin da ya rage yana aiki. Gemunsa ya fara furfura, murfin kwamfutarsa an ɗaure shi da salatif. Ina hango shafuka biyu a allonsa, yana ta kai da komo tsakaninsu.

Waya ta shigo. "Yaya, ba za ka gane ba," in ji shi. "Masu dandalin tattaunawar sun sauya ginshiƙin manhajarsu, duk 'yan ƙananan manhajojin da na rubuta musu a matsayin ƙari sun mutu. Sai na koyi sabon tsari daga farko, kuma iri biyu ne, ban san wanne zai ɗore ba." Ya saurara. "Wancan da ya kwashi aikina? Ai ba sata ya yi ba. Ni na sa lasisin da ya ce kowa ya ɗauka. Ya ɗauka, ya sauya suna, yana sayarwa."

Ina jin ƙuruciyarsa ce ta ƙare a wannan aiki. Ya buɗe sabon aiki, allon ya nemi ya zaɓi lasisi. Yatsansa ya daɗe a sama. Ya sake danna na kyautar, ya yi tagumi.