Bakin Hajiya

Duk wanda ya san kakata Hajiya Yalwa ta Ƙofar Ruwa ya san amsarta in an ce ya jiki. "Jiki? Yana nan yana ɗaure kaya. Ku ne dai ba ku shirya rakiya ba!"

A shekarun nan na tashin bama-bamai, da sojoji suka cika titi da shingaye, Hajiya ba ta taɓa fashin awon hawan jini a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu ba. Ni ke raka ta. Wata rana wani soja ya daka mana tsawa mu ɗaga hannu sama. Ta ɗaga guda. "Ɗayan fa, Mama?" Ta ce, "Yaro, na sanda ne. In na saki, kai za ka goya ni?" Har titi ya tsallakar da mu.

Sunan asibitin ma take ƙauna. "Sha-ka-tafi! Wannan shi ne asibitin mutunci. Wancan babban kuwa kwanta-ka-daɗe ne."

Ranar da ta aika wa 'ya'yanta cewa su same ta a asibitin unguwa maza, Baffa Sani, babban ɗanta, ya zo a guje, hula a hannu. Ya tarar da ita tana cin goro gaban Malama Binta, ma'aikaciyar jinya.

"Zauna, ban mutu ba, gwaji ne," ta ce. "Malama, ki shaida. In bakina ya rufe, kar a zura min roba a hanci, kar a jona ni da inji. Ni ba firji ba ce, wutar ma ba kawowa ake ba. Maganin zafi kuwa a ba ni, ban yi alkawarin jarumta ba. A bar ni ɗakina, inda nake hango Goron Dutse."

Malama ta tambaye ta wa zai yi magana a madadinta. Sai ta nuno ni! Ni da ko gaisuwa sai an kasa kunne.

"Wannan mai kallon gajimaren?" in ji Baffa.

"Ita. Ku duk surutu kuke. Takwarata ce kawai ke saurare."

Da ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke, likita ya duba ya ce sai dai addu'a. Baffa, ido jajur, ya kawo mota zai kai ta babban asibiti. Sai na tsaya a ƙofar ɗaki.

"Baffa, ta ce a'a."

"Ke, wa ya sa da ke?"

"Ba ni ba ce, Baffa. Bakin Hajiya ne."

Ya sunkuya yana lallashinta. Wallahi sai hannun nan mai lafiya ya taso ya murɗe masa kunne! Ya yi dariya har ta koma kuka, ya sallami direba.

A ɗakinta ta cika da hantsi, taga a buɗe, dutsen nan yana tsaye cikin haske kamar ya zo rakiya.

Allah Ya ji ƙanki, takwara. Ya haskaka makwancinki, Ya sa kayan da kika ɗaure sun isa lafiya. Amin.