Awa Guda a Sama

A Isa, idan ka tambayi tsoho Na'Allah nisan wani gari, ba zai amsa ba sai ya ce, "Da mi za ka?" Mutane na dariya, su ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne.

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka karo na biyu, an share wani fako a bayan gari domin ƙaramin jirgin da ke kawo magani da madarar gari. Na'Allah aka ba gadin wurin: ya kori awaki, ya tsince duwatsu, ya tayar da hayaƙi don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Aikin ya ɗan hau masa kai, har tafiyarsa ta sauya.

Ƙanensa Illo yana can wajen Sabon Birni da shanu goma sha tara, ragowar garken mahaifinsu, duk haƙarƙari a waje.

Wata rana matuƙin ya faɗa, ta bakin tafinta, cewa filin da yake tasowa a kudu ciyawa ta kai gwiwa. Na'Allah ya tambayi nisa, aka ce awa guda. Ya tsaya ya bi jirgin da ido. A sama abin ba ya ko sauri, yana lilo kamar shirwa. Ya auna a ransa: in ya yi yawa, tafiyar kwana biyu.

Washegari ya isa ruga, ya nuna kudu da hannu. Illo ya so ya jira a gulbi, inda ake haƙar ruwa a yashi.

"Ka tabbata, Yaya?"

"Kwana biyu na. Ba ta kai ukku."

Wa zai musa wa mai gadin jirgi? Illo ya ɗauki guzurin kwana uku, ya kaɗa shanu, matarsa Saude na biye.

Bayan wata guda Saude ta dawo ita kaɗai, da sandar mijinta. Ba ta zargi kowa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ta ce kowace safiya Illo kan ce yau za su isa, Yaya ba ya ƙarya. Shanun sun zube ɗaya bayan ɗaya. A rana ta goma sha ɗaya shi ma ya kwanta.

Jirgin ya daina zuwa, ƙaya ta cinye fakon. Har yau ko ƙugin babbar mota Na'Allah ya ji, sai hannunsa na dama ya yi sanyi, wanda ya yi nunin da shi.

Da damina ta dawo, ya ɗauki sandar ya bi hanyar da ƙafarsa, yana tambaya gari gari. Ya sami kabarin gindin wata aduwa, ya yi addu'a, ya wuce don ya ga ƙarshenta. Filin da matuƙin ya faɗa yana nan, ciyawar ma tana nan.

Daga kabarin zuwa can, kwana biyu ne cif.