Refik, Mun Yi Wa Ramarka Tafi

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Wanda ya ba mu aron Refik Zeneli ya karɓi abinsa. Daga gare Shi muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Refik ya rasu a gidansa da ke bayan garin Mareeba a arewacin Ostareliya yana da shekara sittin da tara, muka kai shi makwancinsa washegari ana yayyafin ƙarshen damina. Ni ba a buga mini waya ba. Ina zaune a barandata na hango 'yarsa Lindita ta ƙetaro shinge tana tafe cikin itatuwan mangwaro, ba lema, ba sauri. Tun kafin ta iso na ajiye kofin gahawata.

Refik, yau kwananka goma sha biyu a ƙasa, kuma ni Shefket, maƙwabcinka, ina da maganar da ban iya faɗa a bakin kabari ba. Iyayenmu sun zo daga Albaniya suka noma taba gona kusa da gona, mu muka gaje su, taba ta mutu muka dasa mangwaro. Tun muna yara shinge ɗaya ne tsakaninmu, shi ma rabinsa a kwance yake, don babu wanda ya ga amfanin tayar da shi.

Da matata Feride ta rasu shekara shida da suka wuce, mutane sun zo, sun yi abin da ake yi, sun tafi. Ɗana ya koma Melbourne wajen aikinsa. Gida ya yi mini faɗi, na daina aski, na daina buɗe tagogi. Kai ba ka taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Kullum da safe sai in ji kana dukan ƙofa kana cewa in ara maka sifana mai lamba sha uku. In miƙa maka, ka tsaya ka sha gahawa, ka zagi farashin taki, ka tafi. Da yamma ka dawo da ita. Wata huɗu muna haka, ina ƙunƙuni a raina cewa tsohon nan ya fi ƙarfin rowa, sifana ɗaya ta gagare shi saya. Ranar da na fara fitowa daga gida har na shiga garejinka na ga irinta guda uku rataye a bango. Na dube ka, kai kuwa ka kau da kai.

A garejin nan ka nuna mini farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu da ka sayo. Ka ce za ka gina mata ɗaki a baya, ka ɗauki iyalinka ku tafi can ƙarshen Cape York, inda ƙasa ta ƙare sai teku. Tun daren aurenku ka yi wa matarka Zarife wannan alkawari, gona kuwa ba ta taɓa sake ku ba, shekara arba'in da huɗu. Kujera biyar ce a motar, ku biyar ne: kai, Zarife, Lindita, da 'ya'yanta mata biyu, Arta da Mira. Ka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in zo in riƙe maka bakin tef ɗin awo. Na riƙe shi shekara uku.

Ba na jin an taɓa gina wa mota ɗaki da irin wannan soyayya, ko da irin wannan taurin kai. Ka ƙera firam da ƙarfe, don ka ce alminiyom na masu gaggawa ne. Ka yi durowa shida da katako mai kauri, kowace tana shiga kamar an shafa mata mai. Ka sa tankin ruwa biyu, da firji, da batir biyu, da sola a kan rufi, da murhun gas mai janyowa, da teburin murza kwaɓin burek, abincin fulawar nan na ƙasar iyayenmu, don Zarife ta ce ba za ta yi mako uku tana cin burodin kanti ba. Ka yi wa jikokinka gado mai hawa biyu, ka yi wa Zarife tsani mai faɗin taki saboda gwiwarta. Shimfiɗar kowa ka ɗaga ta sama da ƙasa, don ka ce kada in ya fito daga rafi ba ya neman izini. Duk abin da wani ya ce zai yi amfani a hanya, sai ka samar masa wuri. Ni kuma, maimakon in tsawatar, sai in ce me zai hana a ƙara safaya ta biyu. Mun auna tsawo, mun auna faɗi, mun auna komai har da kaurin katifa. Mu da muka tsufa muna auna mangwaro a sikeli, ko sau ɗaya bai faɗo mana mu auna nauyin motar ba.

A watan Yulin bara kuka ɗaura kaya za ku tafi. Na biyo ku a motata don in raka ku bakin gari. Lindita ce ta nace a tsaya a ma'aunin motoci, ta ce in mota ta wuce nauyin da aka rubuta mata, hanyar nan mai gargada tana karya ta gida biyu, kuma inshora ba ya ko kallonka. Ka hau sikelin da motar kana dariya. Glenys, matar da ke kula da wurin, ta dubi allo, ta dube ka, ta leƙo ta taga.

"Baba, gida ka ɗauko ne ko gari? Ka wuce da kilo ɗari biyu da talatin."

"Sikelinki ne ya tsufa," in ji kai.

"Ni da shi mun tsufa, amma ba ma ƙarya. Ko dai ka sauke kaya, ko ka sauke iyali. Motar za ta iya zuwa, amma kai kaɗai."

Kuka juyo gida, yara suna kuka a baya. A makon ne kuma Lindita ta sanar da ku ta karɓi aiki a Perth, za su ƙaura cikin Agustan bana, can ɗaya gefen ƙasar. Wato rani ɗaya ya rage maka. In ba a yi tafiyar a Yunin bana ba, ba za a ƙara haɗa mutum biyar ɗin nan a mota ɗaya ba. Ka san haka, ni ma na sani.

Sai muka shiga kwance abin da muka ɗaura. Muka jawo sikelin mangwaro zuwa gareji, duk abin da ya sauko mu auna, in rubuta da alli a bango. Safaya ta biyu ta tafi, durowa huɗu suka tafi, batir ɗaya, da teburin burek, da ƙyauren ƙarfe da muka maye da mai sauƙi. Lindita ta ce a ja 'yar tirelar kaya a bayan motar, ka ce ba za ka tsallaka rafi da jela ba. Ƙarshen Agusta muka tsaya a kilo ashirin da biyar, suka ƙi sauka. Abin da ya rage duk ka ce ba a taɓawa: ruwa rai ne, gadon yara alkawari ne, tsanin Zarife kuwa sai dai bayan ranka. Ka daɗe kana kallon bango. Sannan ka hau sikelin da kanka, allura ta tsaya a casa'in da shida, ka shafa tumbinka ka ce, "Ga kayan da ba su da amfani nan, ɗan'uwa. Rubuta."

Na rubuta, Refik. Da hannuna na rubuta. Duk Juma'a bayan mun dawo masallaci sai ka hau sikeli in rubuta sabuwar lamba a ƙarƙashin ta baya. Casa'in da uku, casa'in, tamanin da bakwai. Kana ture faranti, Zarife tana mita, mu muna yabonka. A masallaci ana nuna ka ana cewa a yi koyi da Refik. Jikokinka suna ce maka saurayi. Ni na fi kowa zaƙewa, har na saya maka sabon bel na ce wannan kyautar gwarzo ce. Kilo ashirin da shida suka zube daga jikin tsoho cikin wata uku, kuma babu ɗaya daga cikinmu da ya ji tsoro, domin duk idonmu yana kan bango. Fuskarka tana gabana kullum, amma lambar nake kallo.

Ƙarshen Nuwamba muka koma wajen Glenys, tankuna cike, kowa a kujerarsa. Motar ta tsallake, ba ta kai iyakar nauyinta ba, har da rarar kilo ɗaya. Yara suka yi ihu, kai ka danna ham, ni ina tsaye a gefe ina tafi kamar wawa. Glenys ba ta yi dariya ba. Ta fito daga ɗakinta, ta ja ni gefe ta ce, "Kai ne abokinsa? Yaushe rabonsa da likita? Dubi idonsa mana, ya yi rawaya." Mace ce da ta gan ka sau biyu a duniya. Ni da nake ganinka kullum sai da ta nuna mini.

Likita a Cairns ya ce ciwon daji ne a cikinka, kuma ya riga ya yi nisa. Na tambaye shi a baranda ko da an zo da wuri da an yi wani abu. Ya ce babu mai iya sani. Na gane tausayina yake ji. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ban san inda zan kai wannan magana ba sai nan.

Kai ne ma ka nemi sauke mini ita. Cikin Fabrairu, kana kwance a baranda an lulluɓe ka duk da zafin da ake yi, ka kira ni kusa. "Daina wannan fuskar, tsoho," ka ce. "Ba dauriya na yi ba, ka sani. Tun Satumba abincin ne ba ya shiga. Na san akwai abin da ke faruwa. Amma lamba tana sauka, kuna ta murna, ni kuma daɗin yabon nake ji. In na je asibiti za su hana ni tafiya. Laifina ne, ba na allinka ba." Sannan ka tambaye ni ko na tuna in tayar da motar duk mako don kada batir ya kwanta. Na ce na tuna. Wannan ce doguwar hirarmu ta ƙarshe, saura wata biyu hanya ta bushe Allah ya ɗauke ka.

Yanzu safiya ce ta fi yi mini tsawo. Ina dafa gahawa daidai ta mutum biyu don hannuna bai koyi ragewa ba, in sha tawa, in zubar da saura. Gonarka tana nan, tawa tana nan, babu mai ƙetarowa. Kewarka nake yi, Refik, kewa mai nauyi, kuma a shekaruna ba a sake yin sabon aboki irin wanda ya san uban mutum.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, Lindita ta same ni a bakin gareji. Ta ce, "Baffa, Mama ta ce za mu tafi a Yuni, ba fashi. Ni ban iya tsallaka rafi da mota ba. Kai za ka ja mu." Ban ɓoye maka ba, shekara uku ina gina motar nan ina jin zafin cewa ba ni da wuri a cikinta. Ga shi na samu, ta hanyar da ban taɓa roƙa ba. Da ta tafi na hau sikelin mangwaro. Casa'in da takwas. Motar da ta ɗauke ka kana saba'in, in na zauna a wurinka ta wuce da ashirin da bakwai. Ka san irin kanmu, ni da kai. Tun daga ranar na fara rage abinci, na ce wata biyu sun isa a rage wani abu.

Kwana uku kawai na yi asirina ya tonu. Zarife ta kira ni cin rana, ta sa mini burek yanka uku, na ci ɗaya na ture faranti na ce na ƙoshi. Ta tsaya a kaina. Tun rasuwarka ban ji ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Shefket, ni za ka yi wa wannan? A teburin nan? Ɗauki sifana ka je ka kwance abin da za ka kwance. Firji ne, tanki ne, tsanina ne, ban damu ba, a ɗaga ni da hannu. Amma wallahi babu wanda zai ƙara rage loma saboda motar nan. Na zauna ina kallo sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ja farantinka."

Na ja, na cinye, hawaye yana zuba a ciki, ita tana tsaye har na gama. Jiya na kwance tsaninta, Refik, wanda ka ce sai bayan ranka, na haɗa da durowa biyun da suka rage. Ka yafe mini. Ni da Lindita za mu riƙa ɗaga ta, kuma za ta ga inda ƙasa ta ƙare in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata maka makwanci, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ranar da za a ɗora ayyuka a kan ma'auni, Allah ya sa naka na alheri su rinjaya, a can nauyi ba laifi ba ne. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zarife, da Lindita, da Arta da Mira, da 'yan'uwanka na Shepparton, da jama'ar masallacinmu. Allah ya ba su haƙuri, ya tsare musu hanya, ya yafe mana abin da muka gani ba mu gane ba. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.