Kyautar Wadda Ba Ta Yi Fashi Ba

Ni ban yi boko ba, na allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Matar ɗana ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na ce mata in ta ga na yi shiru ta jira ni, don har yau ba na iya maganar mai gidana ban yi kuka ba.

Muna da jika a hannunmu, 'yar 'yata ta fari, tun yaye muka ɗauko ta. Uwarta tana aure a Kano. Da ta isa shiga makaranta, mai gidana shi ya kama hannunta ya kai ta firamaren da ke bayan unguwarmu. Da aka tambaye shi sunan uban yarinya sai ya ba da nasa. Ya dawo yana dariya, ya ce, "Ai wanda ake cinye wa tuwo shi za a rubuta."

Yarinyar ba ta da kan karatu, gaskiya ke nan. Tana da hankali, tana da ladabi, amma abin da aka koya mata da safe kafin azahar ya zube. Da shekarar aji ɗaya ta ƙare, makaranta ta kira iyaye ranar ba da kyauta. Ni ban je ba, shi ya je. Aka jera benci a gindin darbejiya, aka kira na ɗaya da na biyu da na uku, aka kira wanda ya fi tsafta. Ita ba a kira ta ba. Ta shigo gida tana kuka, ta kwanta rub da ciki a tabarma ko takalmi ba ta cire ba.

Ya zauna kusa da ita ya ce, "Amarya, tashi ki ji." Haka yake kiranta, irin wasan kaka da jika. "Na zauna na ƙare wa kyaututtukan nan kallo. Duk na kai ne, sai guda ɗaya ta ƙafa. Akwai wadda ake ba wanda bai yi fashi ko rana ɗaya ba. Kai kam Allah bai ba mu ba, daga ni har ke. Amma ƙafa muna da ita."

Ta ɗago ta ce, "Kai ne dai ba ka da kai, tsoho."

A ranar ya nemo ƙusa ya kafa a bangon ɗakinsa, ya ce nan za a rataye takardar.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ga abin ba wuya. Amma mu nan ƙasar Kura da Bunkure ruwan kanal ne rayuwarmu, kuma shinkafar rani tana fid da kai ne daidai lokacin da yara ke zangon ƙarshe na makaranta. Da zarar ƙwayar ta yi ruwa-ruwa kamar nono, tsuntsayen nan jan-baki za su sauko, garke guda kamar hayaƙi. In ba mutum a gona daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, sai ka yanke kara. Kowane gida yara ake turawa kora. A makonnin nan aji kan koma rabi, malamai ma sun sani, ba sa ko tambaya. Shi ya sa wannan kyautar ba ta cika samun mai karɓa ba.

Zango biyu ta yi ba fashi. Ranar da zazzaɓi ya kama ta ma goya ta ya yi ya kai ta, aka kira suna ta amsa, ta kifa kai a benci har aka tashi. Da lokacin tsuntsu ya zo, sai ya ce shi zai zauna a madadinta. Ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, ya rataye musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsoho mai furfura a cikin yara 'yan shekara bakwai, yana ihu suna ihu. Abokansa in sun wuce ta bakin kanal sai su ce, "Malam, aji nawa kake yanzu?"

Kwana goma ya yi a rumfar. Ranar wata Juma'a ya dawo bayan la'asar ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Na ba shi ruwa ya sha rabi. Kafin magariba ya cika. Ko sallama ba mu yi ba. Shekara hamsin da wani abu muna tare, ƙarshen maganar da ya yi mini ita ce in ɗaga masa kai. Asabar da safe aka kai shi.

Ran Litinin gida cike da 'yan zaman makoki. Na kira yarinyar bayan ɗaki na yi mata wanka, na sa mata kayan makaranta. Ƙanwar mai gidan ta gan mu, ta ce, "Haba Yaya, yau ma? Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba."

Na ce, "Da yana nan da shi zai kai ta."

Ta fita tana waiwaye. Ni na koma na zauna a tabarmar takaba.

Maƙwabtan gona sun tsare mana shinkafar har aka yi bakwai, Allah ya saka musu. Daga nan kowa ya koma kan nasa. Ɗana, mijin wannan mai rubutun, yana aiki a injin casar shinkafa a Kura, 'ya'yansa kuma ƙanana ne. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Iya, saura kamar mako uku a yanke. Abincin gidan nan ke nan na shekara. A bar yarinyar nan ta je kora, baɗi ta nemi kyautar."

Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Akwai malamin da ke da Islamiyya a unguwarmu, tun kakansa gidan karatu ne. Na aika aka roƙo shi, ya zo ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki. Na ce, "Allah gafarta Malam, mai takaba tana zuwa gona?"

Ya ce, "Iya, wa zai je in ba ki je ba?"

Na faɗa masa komai, har da ƙusar.

Ya ce, "Mai takaba tana fita da rana saboda larura. Ba ado, ba turare, kuma ta kwana a ɗakinta. Tsaron abinci larura ne. Amma mutane za su yi magana."

Sun yi kuwa. Na ji wata a bakin kanal tana cewa, "Tsohuwar nan ko wata huɗun ba za ta iya yi masa ba." Na wuce gona abina.

Ranar farko da na hau rumfar na tarar da malafarsa rataye a jikin dirka, da butarsa da sauran ruwa a ciki. Na zauna na yi kuka har tsuntsaye suka sauka a gabana ban gan su ba. Wata yarinya daga gonar maƙwabta ce ta ƙwala mini kira, "Iya, ja igiyar gabas!" Ban san wacce ce ta gabas ba. Shi ya san ɗaurinsa, kowace igiya da irin ƙullin da ya yi mata. Sai da na kwana uku kafin hannuna ya gane su. Muryata kuma ba ta kai ƙarshen gona, don haka kusurwar da ke can wajen magudana tsuntsu ya cinye ta tas.

A mako na biyu, wata safiya ina cikin jan igiya sai na ga mutum a kan kunyar gona da kayan makaranta. Ita ce. Ta biyo ni a baya ban sani ba. Ta ce, "Iya, jiya na ji kina kuka kina cewa hannunki. Ni na fasa kyautar. Ki koma gida."

Ban taɓa ɗaga mata murya irin ta ranar ba. Na ce, "Kakanki a rumfar nan ya ƙarar da kwanansa don kar ki zauna a cikinta. Wuce!"

Rana ta riga ta ɗaga, gona kuma da nisa. Wani mai babur ɗauke da kwandon tumatir ya zo wucewa, na tare shi na ce don Allah. Ya ɗora ta a kan tanki. Da ta dawo ta ce ta tarar an gama kiran suna, malamarsu ta dube ta kawai ta ce ta zauna. Ta rubuta ta zo ko ta rubuta fashi, yarinyar ba ta sani ba. Ni kuma na ji kunyar aikawa a tambaya. Haka muka zauna da abin a rai har aka yanke shinkafa, har damina ta sauka.

Ranar ba da kyauta ina da sauran takaba. Wannan karon ban aika wa Malam ba, na san amsar da kaina. Gona larura ce, taron tafi ba larura ba ne. Ɗana ne ya nemi izini a wurin aiki ya tafi da ita, ba tare da na roƙe shi ba.

Na ja tabarma zuwa gindin katangar da ke fuskantar makaranta. Sun ɗauko lasifika, iska tana kawo maganar tana mayarwa. Aka gama aji ɗaya. Aka shiga aji biyu: na ɗaya, na biyu, na uku, mai tsafta. Sai na ji hedimasta ya yi wata doguwar magana da ban kama ba, sai kalmar fashi kawai. Sannan ya kira sunanta, ya haɗa da na mai gidana.

Ni ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba tun ranar da aka kawo ni gidansa. Tun rasuwarsa kuma kowa marigayi yake cewa. Ranar na ji shi a lasifika, sau biyu, duk unguwa ta ji. Na kifa kaina a katanga na yi kuka mai sauti, har wannan mai rubutun ta fito da gudu da ludayi a hannu.

Kyautar kwanon roba ne mai murfi, da littafin rubutu biyu, da takarda mai zanen fure a gefe. Ɗana ya ce a ajinsu ita kaɗai ce. Ya ce malamar ta ja shi gefe ta ce ranar nan ta ga taɓon gona a ƙafar yarinyar, ta san daga inda take.

Muka huda takardar da allura, muka zura zare, ɗana ya ɗaga yarinyar ta rataye ta a ƙusar da hannunta. Na ce ta karanta mini. Ta sa yatsa tana bi harafi harafi, a sannu, don har yanzu karatun bai zauna mata ba. Ta fid da sunanta da ƙyar, ta tsaya a na biyun tana kallona.

Na ce, "Ci gaba. Ke ai kina iya faɗa."