Audi da akwatunan jami'a

Audi maƙwabcina ne a ƙauyenmu, yamma da garin Hasahisa. Shekara ashirin da shida ya yi yana gafir, wato mai tsaron ƙofar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Idan mufattish, jami'in da ke duba gonaki, ya ce a buɗe da hantsi, da hantsi yake buɗewa, ko da audugar ƙaninsa tana ƙuna. Saboda wannan halin ne daga baya aka ba shi mabuɗin ɗakin kwamfuta.

A shekarar 2010 wasu mutanen wata jami'a suka zo da mota. Suka ce yanzu karatu ta waya yake tafiya, ɗalibi yana ƙauyensu zai ga malaminsa a kwamfuta. Mu dai mu gina ɗaki. Muka yi gayya, kwana tara muka gama, har da shafa farar ƙasa. Suka kawo kwamfutoci cikin akwatuna shida a liƙe, aka ɗauki hoto. Babbansu ya kama hannun Audi ya ce, "Ya Haj, amana ce. Kada kowa ya taɓa sai muhandis, injiniyanmu, ya zo ya ja wuta da shabakar intanet."

Raliya, ɗiyar Audi, tana cikin waɗanda suka fara rubuta suna a karatun. Malama take son zama. Aka ce duk aikin da aka ba su, ta kwamfuta za su aika.

Muhandis bai zo ba. Auduga ta fito, aka cire, aka sake shukawa.

Ina zaune ranar da Raliya ta durƙusa gabansa. "Baba, ɗaya kawai. In kai gidan Goggo Dije a Hasahisa, suna da wuta. In na aika aikina in maido."

"An ce kada a taɓa."

"To su wa aka kawo wa? Gara?"

Ya yi dariya kaɗan, amma bai ba ta ba. Duk Juma'a yakan share ɗakin, ya ɗaga akwatunan ya duba ƙasansu. Lokacin damina tabarmarsa ya rufa musu. Raliya ta riƙa hawa kan gaɓar tur'a da wayar mijin yayarta tana neman shabaka. Wani lokaci shafin ya buɗe rabi, ya tsaya.

Bayan shekara uku wata lajna, wato kwamiti, ta zo dubawa. Audi ya sa farar jallabiyarsa, ya nuna musu liƙin yadda aka bar shi. Wani matashi a cikinsu ya ce da Larabci, "Ko buɗewa ba su yi ba." Ya rubuta cewa mutanen nan ba su da sha'awar karatu. Suka loda akwatunan zuwa gari. Cikin watan takarda ta zo, an cire sunan Raliya saboda ba ta taɓa aika komai ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Tana kawo masa shayi kamar kullum, sai dai ta ajiye ta juya. Shi kuma har ya rasu yana tambayata, "Sa'idu, ai kana wurin da mutumin ya ce kada a taɓa, ko?"

Ina wurin. Nakan ce masa ina wurin.