Zoben Golnesa da Ya Koma Kore

A ƙauyen Ma'adan, kusa da Nishabur, inda maza ke haƙo dutsen firuza, kowace amarya ta san doka: kafin ki taɓa mai ko sabulu, cire zobenki. Firuza dutse ne mai ƙishirwa, duk abin da ya taɓa shi sai ya shanye.

Golnesa kuwa ta yi kunnen ƙashi. Tun ranar da mijinta Safar ya sa mata zoben da ya goge da hannunsa, shuɗi kamar sama bayan ruwa, ba ta cire shi ba. Da shi take kwaɓa gurasa, da shi take soya kitsen tunkiya, da shi ta yi wa 'ya'yanta wanka. Sannu a hankali dutsen ya koma kore. Maƙwabta suka samu abin faɗa, don a garin an yarda firuza ba ya sauya launi sai ƙauna ta mutu.

"Safar, ka ji? Wai ka daina sona," in ji ta.

"Tun yaushe? Ba wanda ya sanar da ni. Ƙaro min miya."

Haka suka tsufa tare. Da auren jikarsu Mahtab ya matso, Safar ya zube mata duwatsu shuɗaye don ta zaɓa. Yarinyar ta kama hannun kakarta.

"Wannan nake so, Kaka."

"Ke, ja can. Wannan ai an ce matacce ne."

"Waɗancan ba su san komai ba sai akwati. Wannan ne ya san zaman aure."

Golnesa ta ja zoben, ya ƙi fita. Sai da aka shafa masa mai.