Yadda na kwantar da Mama a kasuwar doya

Kalandar ta shigo gidanmu na Akurba ne a 1999. Kawuna direba ya karɓo ta a wani shagon darduma a Kano, ya ba mu saboda matarsa ta ce ba ta son hoton mutane masu zaman banza a ɗakinta.

Zane goma sha biyu ne na fentin ruwa, duk na Santambul a zamanin Daular Usmaniyya. A ƙasan kowanne an rubuta sunan Baturen da ya yi shi. Daga baya na ji cewa irin waɗannan Turawa sukan zo ta jirgin ruwa, su zaga gari da akwatin fenti, su zana abin da ya burge su, su sayar wa 'yan'uwansu. Abin da ya fi burge su kuwa shi ne mutum ya kishingiɗa. Mai darduma a kishingiɗe, mai sayar da kankana a kishingiɗe, wanzami ma kamar gyangyaɗi yake a kan wanda yake wa aski. Ko'ina ga lofe mai dogon bututu, ga kyanwa tana barci.

Ni kam sun tafi da imanina. Shekarata goma sha tara, na gama sakandare, ba abin da nake so sai in tafi Zariya in karanta zane. Mama kuwa ta rantse sai dai aikin gona ko malanta. Babanmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka maganarta ita ce magana. Doya take sarowa daga Adogi, ta sayar wa masu lodin mota zuwa kudu.

Wata uku ina kwaikwayon kalandar nan, har na iya yadda suke barin farar takarda ta zama hasken rana. Sai na yi dabara: zan zana Mama a kasuwa, ta ga kanta, zuciyarta ta yi sanyi, ta sa hannu a fom ɗin makaranta.

Na ɓata sati biyu a kai. Na kishingiɗar da ita a kan tabarma gefen tarin doya, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ido a lumshe. Na yi mata rumfa mai inuwa. Kyanwa ma na sa mata, alhali duk kyanwar da ta shigo gidanmu da muciya take fita.

Ranar Lahadi bayan coci na miƙa mata. Ta riƙe shi nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan mata, ba shi da lafiya ne?" ta ce. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji da mace.

"Mama, ke ce fa."

"Ni? To wa yana kula da doya?"

Na fara bayani a kan haske da inuwa da yadda manyan masu zane suke yi. Na ɗauko kalandar na nuna mata. Ta buɗa wata-wata har Disamba, ba ta yi dariya ba.

"Wanda ya yi wannan, baƙo ne," ta ce. "Ya zo lokacin da rana ya yi zafi, mutane sun gama aiki. Ba laifinsa. Kai fa? A ina ka sauka?"

Wallahi na ji haushi. Na ce ai zane ba hoto ba ne, mai zane yana da 'yancin gyara abu.

Sai ta kwance ɗankwalinta ta sunkuyo da kai. A tsakiyar kanta akwai fili kamar faɗin tafin hannu, sumul, ba gashi ko ɗaya, inda gammo da kwandon doya suka cinye. Shekara goma sha tara ina cin abinci a gabanta, ban taɓa sanin yana nan ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Ta mayar da ɗankwalin, ta ɗaure.

"Kawo takardan," ta ce. "Je ka Zariya. Wataƙila can za su koya maka kallon mutum."

Ta dangwala yatsa a fom ɗin, ta tashi ta ɗora ruwan sakwara.